Sharhi: Gwajin ɗalibai tsakanin ƙasashe da darasin da ke ciki ga makarantun Najeriya

Tun daga shekarar 2000, Ƙungiyar Haɗin Kan Tattalin Arziki da Raya Ƙasashe ta OECD ke shirya jarrabawar PISA, wadda ke auna ƙwarewar ɗalibai 'yan shekara 15 a karatu da lissafi da kimiyya. A zagayen 2022, ɗalibai kimanin 690,000 daga ƙasashe da yankuna 81 ne suka zauna mata, kuma Singafo ce ta zo ta ɗaya a dukkan fannonin uku.

Najeriya ba ta cikin masu shiga wannan jarrabawa. Sai dai abin da ƙasashe suka yi da sakamakonta cikin shekaru fiye da 20 ya shafi duk ƙasar da ke neman gyara makarantunta.

Da aka fitar da sakamakon farko a watan Disamban 2001, Jamus ta tarar da ɗalibanta a ƙasa da matsakaicin makin ƙasashen OECD, kuma tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa tana cikin mafi faɗi. Da yake jihohi 16 ne ke riƙe da ragamar ilimi a ƙasar, kamar yadda jihohi da ƙananan hukumomi ke riƙe da ilimin matakin farko a Najeriya, ministocin ilimin jihohin suka amince da ma'auni guda na abin da ya kamata ɗalibi ya sani a kowane mataki. Gwamnatin tarayya kuma ta ware Yuro biliyan 4 a 2003 domin faɗaɗa makarantun wuni. Makin ƙasar ya yi ta hawa har zuwa 2012.

Indiya ta bi wata hanyar dabam. Jihohinta biyu, Tamil Nadu da Himachal Pradesh, sun shiga zagayen 2009 suka zo kusa da ƙarshe, sai ƙasar ta janye daga zagayen da suka biyo baya. Sakamako maras daɗi ya sa Jamus gyara, ya sa Indiya kauce wa gwajin.

Ita kuwa Finlan ta nuna haɗarin kwaikwayo ido rufe. Bayan ta yi zarra a karatu a 2000, tawagogi daga ƙasashe da dama sun yi ta tururuwa zuwa makarantunta. Amma makinta a lissafi ya sauka daga 548 a 2006 zuwa 484 a 2022. Jerin matsayi yana bayyana wanda ke gaba a shekarar da aka yi gwaji, ba ya bayyana wace manufa ce ta kai shi can.

Wannan ne ya sa hankalin masu bincike ya karkata zuwa ga wuraren da suka samu ci gaba da kuɗi kaɗan. Garin Sobral da ke jihar Ceará a arewa maso gabashin Brazil, yanki mai fama da talauci, yana matsayi na 1,366 a ma'aunin ilimi na ƙasar a 2005, amma ya zo na ɗaya a 2017. Hukumomin garin sun sa burin kowane yaro ya iya karatu kafin ya gama aji biyu, suka riƙa gwada yara akai-akai, suka kuma raba naɗin shugabannin makarantu da siyasa. Daga 2007 jihar ta ɗaura wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi a kan sakamakon ɗalibansu, tsarin da gyaran kundin tsarin mulki na 2020 ya yaɗa zuwa sauran jihohin ƙasar.

A Kenya, shirin Tusome da aka fara a faɗin ƙasar a 2015 ya ginu ne a kan gwajin shekaru da aka yi a wasu makarantu tun da fari. Ya tanadi littafi ga kowane yaro, da jagoran darasi ga malami, da jami'an da ke ziyartar aji suna ba malamai shawara.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya kuma ta ɓullo da hanyar koyar da yaro daidai da matakin da yake, inda ake raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada ingancinta. Zambiya ta fara aiki da ita a 2016, an kuma gwada ta a jihar Borno da ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano.

Buƙatar irin wannan aiki a fili take. Rahoton Bankin Duniya da abokan hulɗarsa na 2022 ya kiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Asusun UNICEF a 2021 ya nuna cewa kimanin kashi 27 kacal na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ne ke da tushen iya karatu.

Abin da ya haɗa Jamus da Sobral da Kenya shi ne matakan mulki sun amince da ma'auni ɗaya, an bayyana sakamako, sannan tallafi ya isa ga malamin da ke cikin aji. A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, kuma sharaɗin karɓar tallafin shi ne jiha ta zuba nata kason, ba wai ta nuna abin da yara suka koya ba.

Matakin da ya rage ga Hukumar UBEC da hukumomin SUBEB na jihohi shi ne su amince da gwajin karatu da lissafi guda ga ƙananan azuzuwa, a riƙa yin sa a kan lokaci, a kuma wallafa sakamakon kowace ƙaramar hukuma. Da haka ne iyaye a Sakkwato ko Abakaliki za su san ko yaron da ya shekara uku a makaranta ya iya karanta jimla, kuma jihohi su koyi darasi daga juna kafin su tura tawaga ƙetare.