Daga ajin jami'a zuwa kasuwar Gidigir

Duk wanda ya bi hanyar kwalta daga Damagaram zuwa Gure, in ya wuce Gidimuni, zai iske Gidigir, garin da kasuwarsa ta yi suna wajen dabbobi da kanwa. Ranar kasuwa, dillali da mai awo da mai karɓar harajin meri kowa na riƙe da salularsa. Amma lissafin kansa yana nan inda kakanni suka bar shi: a cikin ka, ko cikin ƙaramin littafi da gumi ya jiƙa. A nan ne ya kamata a auna amfanin karatun da jami'o'in ƙasar nan suke ba samari na ƙera manhajojin yanar gizo.

Fannin ba tsoho ba ne. A 1989 ne Tim Berners-Lee, wani Baturen Ingila, ya tsara yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, kuma a 1993 cibiyar ta sake ta kyauta ga duniya. Jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, ta girme ta. Jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa kuwa sai a 2010 aka kafa su, sannan na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Ke nan yaron Gure da ya ci bak ba dole ne ya yi tafiyar kilomita sama da 1000 zuwa Yamai ba kafin ya zauna ajin jami'a.

Mece ce manhajar yanar gizo? Ɗan kasuwa zai gane ta in ya dubi shagonsa. Akwai gaban shago inda aka jera kaya, shi ne fuskar da mutum yake gani a salula, wadda ake ginawa da HTML da CSS da JavaScript. Akwai yaron shago mai karɓar saƙo ya kawo amsa, shi ne aikin babbar kwamfutar da ke can nesa, wadda ake ba umurni da harsuna irin su PHP. Akwai kuma sito, wato rumbun bayanai irin MySQL, inda ake ajiye sunaye da farashi da kwanan wata. Ɗalibin da ya iya ƙawata gaban shago amma bai san tsaron sito ba, bai gama koyo ba.

Illar da ake tsoro ita ce karatu ya tsaya a allo. Ɗalibi ya kwafe darasi a takarda, ya haddace, ya ci jarrabawa, ya fito da lisans alhali bai taɓa gina abin da wani ya yi amfani da shi ba. Uban da ya sayar da bijimi don biyan kuɗin karatun ya yi hasara biyu, ga bijimi ya tafi, ga ɗa zaune a gida. Ita ma gwamnati sai ta ci gaba da sayen manhaja daga waje, in ta lalace a jira masani ya sauko daga jirgi.

Malamin kirki yakan fara da tsari kafin rubutu. Zai tura ɗalibansa su zauna da mai karɓar haraji, su ga yadda yake yanka tikiti, nawa yake karɓa a kan raƙumi, nawa a kan tunkiya, hannu nawa kuɗin suke bi kafin su shiga asusun kwamin. Su zauna da sakataren meri su ga wahalar neman takardar haihuwar da aka rubuta shekara 20 baya. Sai sun fahimci aikin sannan su zana shi, su rarraba shi tsakaninsu, su gina, su kai wa masu shi su gwada. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gidigir kuma tana da sharuɗɗan da littattafan Faransa ba su ambata ba. Rezo yakan zo ya ɗauke, saboda haka dole manhaja ta iya riƙe bayani cikin salula har layi ya dawo. Kuɗin intanet yana da nauyi ga talaka, don haka shafi mai tarin hotuna ɓarna ne. Wuta ba ta da tabbas, kuma kowa ya tuna yadda Nijeriya ta katse lantarki a watan Agusta 2023. Da yawa daga masu ciniki ba su karanta faransanci, sai Hausa da Barbarci da Fulatanci, wasu ma sai dai a yi musu da murya. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, babu sauran hujjar a ƙera wa Bahaushe manhajar da ba ta jin harshensa.

Ribar ba zato ba ce. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula take shigowa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. In kiran waya kaɗai ya yi haka, ina ga rajistar farashi da makiyayi zai duba tun kafin ya koro garkensa?

Nauyin bai tsaya kan malamai ba. Shugabannin ma'aikatu su buɗe ofisoshinsu ga ɗalibai masu sitaj, su ba su aiki na gaske maimakon aiken sayen shayi. Manyan ƴan kasuwa, waɗanda suka riga suka saba da aika kuɗi ta Nita da Al Izza, su gwada ba yaran gida lissafin sitonsu, su biya su ladan da ya dace. Hukumomin jami'a kuma su tanadi kwamfutoci masu aiki da wutar rana, su koyar da amanar bayanai, domin wanda aka damƙa wa sunayen jama'a da dukiyarsu ya san sirrin gari.

Allah ya sa masu iko su ji. Sai mako mai zuwa.