Zubar Da Ciki: Doka Ta Faɗi Nata, Saura Namu

'Yan'uwana mata, matan aure da 'yan makaranta, yau za mu taɓo wata magana wadda ba a yin ta a tsakar gida, sai a ƙuryar ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Watau maganar zubar da ciki. Mun san wasu za su ce ba ta dace da filin nan ba. To, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Sau nawa aka fita da yarinya zuwa asibiti da tsakar dare, aka ce wa maƙwabta zazzaɓi ne, gari na wayewa sai aka ji salati?

Bari mu fara da doka, domin da yawa cikinmu ba mu san abin da ta ce ba. A shekara ta 1959, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Majalisar Jihar Arewa ta yi dokar laifuffuka wadda ake kira Final Kod. Ta fara aiki ran 30 ga watan Satumba, 1960, ana gobe samun mulkin kai. A nan kusa da mu, a makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo, aka tara alƙalai aka koya musu ita. Sashe na 232 ya ce wanda duk ya sa mace ta zubar da ciki da gangan ana iya ɗaure shi har shekara 14, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyu, sai fa in an yi abin da kyakkyawar niyya don ceton ran uwar. Dokar Kudu ita ma shekara 14 ta yanka wa mai zubarwa, 7 ga macen, 3 ga wanda ya kawo maganin. Jihohi sun yi ta gyara dokokinsu tun daga nan, amma wannan ƙa'ida tana nan daram.

Final Kod daga dokar Sudan aka samo ta, ita kuwa ta Sudan daga wadda Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860. Su Turawan sun sassauta tasu dokar a 1967. A nan Nijeriya, a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta goyi bayan wani ƙuduri a Majalisar Wakilai don a sassauta. Shugabannin addini suka tashi tsaye, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata ta ƙasa ma ta ƙi, ƙudurin ya faɗi. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da likita zai bi in ran mace ya shiga haɗari. Jihar Legas ta fitar da nata a 2022, aka yi mata ca, gwamna ya dakatar da su. A wannan shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin 1973 wanda ya ba matan ƙasar damar zubarwa, alhali maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin ta sassauta tata dokar a 2021. Kun ga ke nan gardamar ba ta ƙare ba a ko'ina.

Ra'ayin jama'armu kuwa a fili yake. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar Hausa, sun tsananta tun daga shigar ciki, ko da yake malamai sun yarda a fifita ran uwa in ya tabbata cikin zai kashe ta. Maƙwabtanmu Kirista su ma ba su yarda da abin ba. Wannan fili bai zo don ya ja da kowa a kan haka ba.

Sai dai hani bai sa an bari ba. Wani bincike na Cibiyar Guttmacher ta Amurka tare da masanan Nijeriya ya ƙiyasta cewa a 1,250,000 aka zubar da ciki a ƙasar nan cikin shekara ta 2012 kaɗai. Kada ku ɗauka duka 'yanmata ne. Akwai matar auren da ta yi kwanika, ga goyo ga ciki, tana tsoron gorin kishiya. Akwai yarinyar da aka yi wa fyade. Akwai wadda saurayi ya yaudara ya gudu. Kunya ke kai su bayan kantin magani ko wurin mai jiƙe-jiƙe, kunyar nan kuma ita ke hana su zuwa asibiti in jini ya ɓalle.

Zariya ta riga ta koya wa duniya illar jinkiri. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito shi ne matan da ba su zuwa awo, sai an kawo su ranga-ranga, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Kan haihuwa aka yi binciken, amma darasin ɗaya ne.

Saboda haka, uwargida, in kin ga mace tana zubar da jini ba tsayawa, ko zazzaɓi mai zafi da ciwon mara, ko ruwa mai wari, kada ki tsaya tuhuma. A nufi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Hajiya Gambo Sawaba nan da nan, a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha ko aka yi. Ɓari ba laifi ba ne, kula da wadda jini ya ɓalle wa kuma aikin likita ne. In kwanika kike tsoro, ki zauna da maigida ku yi shawara, ku je asibiti a yi muku bayanin tazarar haihuwa.

Ke kuma 'yar makaranta, ki riƙe mutuncinki, ki riƙe karatunki. In wani ya taɓa ki da ƙarfi, ki gaya wa innarki ko malamarki a ranar, a kai ki asibiti. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyade a 2020, laifin nasa ne, ba naki ba.

Iyaye, ku ja 'ya'yanku a jika tun kafin a kai ga haka. In kuwa ƙaddara ta auku, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yarinyar da ta san za a kore ta daga gida ita ke zuwa inda za a kashe ta. Kuma a daina barin namijin yana yawo da babbar riga, ita kaɗai tana ɗauke da abin kunyar da su biyu suka yi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.