"Baba, Huta": Ladabin da ke Kwantar da Dattawa a Ƙasar Waje

Akwai kalmar da ake faɗa wa dattijo da zuciya ɗaya, amma ɓarnarta ta fi ta zagi: "Baba, huta." Ya miƙa hannu zai ɗauki jaka, a karɓe. Ya nufi matakalar bene, a nuna masa lif. Ya sa takalmi zai taka zuwa masallaci, a tayar da mota. Wanda ya yi haka yana ganin ya sauke haƙƙin iyaye, masu kallo kuma su sa masa albarka. A ƙauye wannan ladabi ba ya cutarwa ƙwarai, domin ko an karɓe wa tsoho kaya ɗaya, yini zai ɗora masa goma. A Birmingham ko Houston ko Riyad kuwa, inda rayuwa ta riga ta karɓe masa kowane aikin ƙarfi, wannan kalma ita ce ke raba shi da ɗan motsin da ya rage masa. Dattijon da ke zaune a ƙasar waje yana bukatar ya ɗaga nauyi da gangan, sau biyu a mako, kuma kunyar da ke hana shi kunya ce da ba ta da tushe.

Wa da ƙane

A ɗauki misalin 'yan'uwa biyu daga Mandera, a yankin Shagari da Boɗinga na Jihar Sakkwato. Wan ya haura sittin yana gida. Shekararsa a jere take: sharar gona, shuka, noma, maimai, girbin gero da dawa, ɗaurin dami, ɗora shi kan jaki ko amalanke, jefa shi rumbu. Da rani ya gangara fadama ko ya bi dabbobi. A tsugune yake alwala, a tabarma yake cin tuwo, yakan tashi daga ƙasa sau da yawa a yini ba tare da ya ƙirga ba. Bai taɓa jin sunan gidan motsa jiki ba, amma cinyarsa da bayansa da damtsensa suna aiki kullum.

Ƙanen ya fita karatu tun yana saurayi, ya zama likita ko injiniya ko direban tasi. Yininsa kujeru huɗu ne: ta mota, ta wurin aiki, ta teburin abinci, ta gaban talabijin. A Ingila rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. A Riyad zafin bazara kan haura digiri 40. Duka biyun suna kulle mutum a ɗaki. Naman da a da sai da Salla ko ranar kasuwa, yanzu yana cikin firji kullum. In ya zo gida hutu da tumbi a gaba, sai a ce masa, "Alhaji, an huta, jiki ya yi kyau."

Alƙaluma ba su yarda da wannan yabo ba. Wani babban bincike mai suna RODAM, wanda aka buga sakamakonsa a 2016, ya auna 'yan Ghana a ƙauyukansu da biranensu da kuma Landan da Amsterdam da Berlin. Ƙiba mai cutarwa a tsakanin maza ta tashi daga kashi 1.3 cikin ɗari a ƙauye zuwa kashi 21.4 a Landan. Ciwon suga ya tashi daga kashi 3.6 a ƙauye zuwa kashi 15.3 a Berlin. Jini ɗaya ne, asali ɗaya. Wurin zama da yanayin aiki ne suka bambanta. Tun 1953 likitan Birtaniya Jeremy Morris ya nuna cewa kwandastocin bas mai bene na Landan, masu hawa da sauka duk yini, sun fi direbobin da ke zaune a motocin tsira daga ciwon zuciya.

Kada a ɗauka ana cewa ƙauye aljanna ce. Noma yana cin baya da gwiwa, abinci mai gina jiki yakan yi ƙaranci, asibiti yana da nisa. Ƙanen ya samu abubuwan da wan bai samu ba, sai dai ya biya su da tsokarsa, kuma babu wanda ya gaya masa farashin.

Abin da ke zubewa a ɓoye

Daga shekara 30 tsokar mutum kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan sittin kuma zubewar ta ƙara sauri. Likita Irwin Rosenberg ya raɗa wa wannan hali suna sakofeniya a 1989, wato ƙarancin tsoka. Sikeli ba ya tona shi, domin kitse kan maye gurbin abin da ya tafi. Babbar riga kuwa ta rufe sauran.

Tsoka ba ado ba ce. Ita ce rumbun da ke karɓar mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, don haka in rumbun ya ƙanƙance sai sukari ya rasa masauki. Ita ce ke jan ƙashi har ya riƙe ƙwarinsa. Ita ce ke cafe mutum in ya yi tuntuɓe. Tsohon da ya faɗi ya karye a ƙugu yana cikin haɗari na gaske: tsakanin kashi 20 zuwa 30 na irin waɗannan ba sa cika shekara, kuma maza sun fi mata mutuwa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, a kan mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa.

Shi kansa hutun an auna shi. A 1966 aka kwantar da samari biyar a gado na mako uku a birnin Dallas. Da aka sake gwada su bayan shekara 30, sai aka ga makonni ukun nan sun fi shekaru talatin ɗin rage musu ƙarfin zuciya da huhu. A 2007 aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana goma kacal, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Duk mai cewa "Baba, huta" ya kamata ya san abin da yake rubuta wa mahaifinsa a matsayin magani.

Uzurori biyar

Na farko shi ne girma. Wai ɗaga ƙarfe aikin ƙarti ne da 'yan tasha, dattijo kuwa tafiyar ƙasaita ce tasa. A nan an haɗa natsuwa da rauni, alhali ba ɗaya suke ba. Tafiyar ƙasaita tana da kwarjini ne a jikin wanda zai iya sauri amma ya zaɓi nutsuwa. A jikin wanda gwiwa ta ƙi, sunanta jan ƙafa. Tarihin yankin ma bai goyi bayan wannan uzuri ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana dab da shekara hamsin ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya shafe shekaru yana ƙaura kafin ya zauna a Sifawa, nan ƙasar Boɗinga. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno sun ratsa Sahel a ƙafa da bisa dabbobi har gaɓar Kogin Nilu a Sudan. Alhazan da sukan yi shekaru a hanyar Makka. Sakkwatawan farko da suka zauna a ƙasar waje da ƙafarsu suka je, da malamansu da dattawansu, kuma ba a ji girman kowa ya faɗi ba.

Na biyu shi ne karin maganar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ce a kan tarbiyya, amma tsoka ba icce ba ce. A 1990 likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma, masu shekara 86 zuwa 96, a wani gidan kula da tsofaffi na Boston, suna ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako takwas ƙarfin tara da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. In ɗan casa'in ya ninka ƙarfinsa, ɗan sittin ba shi da ta cewa.

Na uku shi ne, "Ai ina tafiya." Tafiya alheri ce ga zuciya, kada a bar ta. Sai dai ba ta tilasta wa tsoka ɗaukar abin da ya fi wanda ta saba, kuma ba ta taɓa ƙirji da kafaɗa da hannu. Shi ya sa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 suka raba su: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, sannan atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, ga masu shekara 65 zuwa sama kuma a ƙara da na daidaita tsayuwa kwana uku don kauce wa faɗuwa.

Na huɗu ya fi nauyi, kuma ya cancanci a saurare shi: gidajen motsa jiki na Turai da Amurka cike suke da kiɗa da cuɗanya da shigar da dattijon Bahaushe ba zai sake a cikinta ba. Wannan hujja ce ta ƙin wani wuri, ba ta ƙin atisaye ba. Jarkar ruwa mai lita 10 kilo 10 ce, a Mandera ko a Manchester. Igiyar roba ta atisaye ba ta kai kuɗin cin abinci ɗaya a waje ba. Falo ya isa, gareji ya isa.

Na biyar shi ne, "In kwana ya ƙare, ya ƙare." Babu mai jayayya da wannan. Amma mai faɗar haka yana shan ƙwayar hawan jini kowace safiya, yana ɗaura bel a mota, yana biyan inshora. Atisaye ba ya ƙara wa'adi; abin da ake nema shi ne yadda za a ci shekarun da aka rubuta, a tsaye ko a kwance.

Yadda ake yi

Aikin bai da yawa. Minti 30 zuwa 40, sau biyu a mako, da motsi biyar. Tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, daga baya a riƙe nauyi a ƙirji. Tura jiki daga bango, sannan daga gefen tebur, sannan daga ƙasa. Janyo igiyar roba zuwa ciki. Ɗaga kaya daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, ana lanƙwasa ƙugu da gwiwa. Sai riƙe nauyi a hannu biyu a yi tafiya da shi, wanda masu horarwa a Turai ke kira tafiyar manomi, suna karɓar kuɗi su koyar da abin da wan da ke Mandera ke yi kyauta. Kowane motsi a maimaita shi sau 8 zuwa 12, a huta, a sake zagaye biyu ko uku. In ya yi sauƙi a ƙara nauyi kaɗan, domin ƙarin nan shi ne asirin abin duka. Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa. Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai jin ciwo a ƙirji, ya fara ganin likitansa.

Tsoka kuma tana son abin gini. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, ban da mai ciwon ƙoda. Wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa da nama marar kitse sun wadatar. A Birtaniya hukumomin lafiya suna shawartar masu baƙar fata su riƙa shan sinadarin bitamin D duk shekara, saboda ƙarancin rana.

Inda kunyar take

Duk wanda ya shiga masallatan Hausawa a ƙasashen waje ya ga jerin kujeru a gefen sahu. Salla a zaune rangwame ne ga mai lalura, babu mai aibanta shi. Tambayar ita ce nawa ne daga cikin masu zaman da tsugunno na minti goma a rana zai bar su suna kai goshi ƙasa. Haka a aikin Hajji: sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da jifa. Mutum ya tara kuɗin kujera shekara da shekaru, ya ƙare ana tura shi a keke.

Akwai wanda ya fi wannan ɗaci. Tsohon da ƙafa ta gaza a Mandera yana da mata da 'ya'ya da jikoki da maƙwabta. Za a kai shi inuwa da hantsi, a mayar da shi ɗaki da almuru. A Ingila ko Amurka 'ya'yansa suna wurin aiki daga safe zuwa dare, wasu ma a wani gari. Ranar da ya kasa tashi daga masai da kansa, abin da ke gabansa shi ne ma'aikaciyar jinya da bai sani ba ta yi masa wanka, ko gidan kula da tsofaffi inda ba mai jin harshensa. Dattijon da ya ji kunyar ɗansa ya gan shi yana ɗaga jarka a falo ya auna wannan kunya da waccan.

Nauyin gyara yana kan masu faɗar kalmar. Ƙungiyoyin 'yan arewa a ƙasashen waje, da ke iya tara kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, za su iya ɗaukar hayar ɗaki da mai horarwa namiji na awa ɗaya a mako don dattawansu. Likitocin da ke cikinsu su fara da kansu. 'Ya'ya kuma su sauya ladabin: in an dawo daga kasuwa Baba ya kai hannu kan buhun shinkafa mai kilo 10, a buɗe masa ƙofa, a bi shi a baya da sauran kayan.