WASIƘAR RIGACHIKUN: Yaushe Mai Ciwon Gwiwa Zai Koma Fili?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, don in yi magana a kan wani abu da ke nakasa samarinmu ba tare da jama'a sun lura ba, watau ciwon gwiwa na 'yan wasa, da gaggawar da a ke yi wajen mai da su fili.

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kawo zuwa Rigachikun da la'asar, zai ga kowane fili ya cika da yara da samari suna buga ƙwallo. Abu ne mai kyau, gama wasa na gina jiki, yana kuma hana zaman banza. Amma filayen nan namu ba ciyawa gare su, da rani ƙasar ta kan bushe ta yi tauri kamar daɓe, ga ramuka, ga tsakuwa. Saurayi na cikin gudu sai ya kafa ƙafa ya juya, sai a ji ƙas, ya faɗi yana riƙe da gwiwa. A ɗauke shi a kai gida, a ce targaɗe ne, a gasa, a ɗaure. Bayan wata guda kumburi ya saɓe, ya fara takawa, sai abokai su ce ai ya warke, ga gasar Salla ta ƙarato. A nan ne ɓarnar ta ke, kuma a kan wannan na ke so mu yi tunani, musamman ku malaman makaranta, tun da ya ke ku ne ke zaɓen wanda zai shiga fili. Ga shi kuwa garinmu ne mazaunin Cibiyar Malamai ta Ƙasa, saboda haka maganar ta faɗo a gidanta.

Da farko bari mu san yadda gwiwa ta ke. Ƙashin cinya yana zaune ne bisa ƙashin ƙwauri, ba rami mai zurfi da ya riƙe shi kamar na ƙugu. Abin da ya ɗaure su manyan jijiyoyi ne guda 4 masu kama da igiya. Biyu suna gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ke hana gwiwa karkacewa. Biyu kuwa suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna, su ke hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. Tsakanin ƙasusuwan kuma akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, aikinsu kamar na gammo ne.

Jijiyar gefe ta ciki in ta yi rauni, galibi ta kan haɗe da kanta cikin 'yan makonni ba tare da an yi aiki ba. Asisat Oshoala ta sami irin wannan rauni a gasar mata ta Afirka da aka yi a Maroko cikin Yuli 2022, ta bar gasar, kuma ba a daɗe ba ta koma wasa. Amma ta tsakiya ta gaba, wadda na ke kira magiciya ta gaba, in ta tsinke ba safai ta ke haɗewa ba. Yawancin masu tsinkewar nan ba wanda ya taɓa su, juyi ne ko dira ba daidai ba. Alamarta uku ce: a ji ƙara lokacin faɗuwa, gwiwa ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan domin jini ya taru a ciki, daga baya kuma mutum ya riƙa jin ta tana kuɓuce masa in ya juya.

To, ga inda mutane ke ruɗewa. Hoton ƙashi da a ke ɗauka a asibiti ba ya nuna jijiya. Sai a ce wa uban yaro ba karaya, shi kuwa ya ɗauka ba kome ke nan. Likita ya kan gane tsinkewar ta wurin riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko ya yi lako-lako, kana a tabbatar da hoton na'urar da a ke kira MRI. Maɗoran gargajiya kuwa, ban raina sana'arsu ba, amma hannu ba ya kai wa ga igiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa, kuma ɗaure gwiwa da karare makonni da yawa sai ya sandarar da ita ya kuma tsotse naman cinya. Wanda ya ga alamun nan uku ya nemi likitan ƙashi. Muna da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin Kaduna, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ya ke aiki tun 1959.

Ba kowane mai tsinkewa ne sai an yi masa aiki ba. A ƙasar Suwidin an gwada matasa 121, aka raba su biyu: waɗansu aka yi musu aiki nan da nan, waɗansu aka fara da motsa jiki, aka ce sai in ya ƙi a yi aikin. Da aka bayyana sakamakon cikin 1 ga waɗannan rahotanni a 2010, ba a ga wani bambanci ba tsakaninsu bayan shekara 2, daga baya kuma aka tarar bayan shekara 5 kusan rabin kashi na biyun ba su bukaci wuƙa ba. Wanda gwiwarsa ke ta kuɓucewa, ko mai niyyar komawa wasan juye-juye, shi a ka fi yi wa aiki. A kan yanko wata jijiya daga jikinsa, ko ta ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, a dasa a gurbin wadda ta tsinke. Wannan dashe ya kan yi rauni a watannin farko kafin ya sake yin ƙarfi, kuma ba ya gama nuna sai bayan shekara ko fiye. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da zafi ya tafi yaro ya ke jin kamar ya warke, a lokacin dashen bai kama sosai ba.

Ko an yi aiki ko ba a yi ba, jinyar hawa-hawa ce, kuma likitan gashin ƙashi ne jagoranta. Hawa na farko, a kwantar da kumburi da ƙanƙara da ɗaga ƙafa, a sa gwiwa ta miƙe sarai kamar 'yar'uwarta, a kuma farkar da naman gaban cinya, domin shi ne ya kan fara mutuwa. Hawa na biyu, a yar da sanda, a yi tafiya ba ɗingishi, a hau matakala a sauka, a iya tsuguno da zaman tabarma. Hawa na uku, a ƙarfafa cinya da ƙugu da nauyi, a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya. Gudu miƙaƙƙe ba a fara shi sai wajen wata 3 ko 4 bayan aiki, in ba kumburi. Daga nan sai tsalle da dira, sai juyi, sai atisaye da abokai ba karo, sai atisaye sosai, kana wasa na ɗan lokaci kaɗan. Ba a ƙetare hawa don kalanda ta ce lokaci ya yi. In gwiwa ta kumbura washegari, ta faɗa maka an yi mata yawa, sai a koma baya taki ɗaya.

Yanzu ga babbar tambaya: ta yaya za a san ya isa komawa? Masana sun ba mu ma'auni uku, lokaci, da ƙarfi, da zuciya.

Game da lokaci, cikin 2016 waɗansu masana na Norway da Amurka suka bayyana abin da suka gani ga 'yan wasa 106 da suka bi har shekara 2 bayan aiki. Suka tarar kowane wata guda da mutum ya ƙara haƙuri, har zuwa wata na 9, haɗarin sake jin rauni ya kan ragu da kamar rabi. Ku dubi Virgil van Dijk na ƙungiyar Liverpool a Ingila. Ya tsinke jijiyar nan cikin Oktoba 2020, bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yuli 2021, wata 9 ke nan, alhali yana da likitoci da kayan aiki irin waɗanda ba mu da su. In mai wannan gata ya jira haka, ina dalilin da ɗan Rigachikun zai koma cikin wata 3?

Game da ƙarfi, a kan gwada ƙafar da ta yi ciwo da mai lafiyar, kuma a na so ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100. Malami na iya yin wani sashi na gwajin nan da awo da alli, in likita ya ba da izini. Yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya ya yi tsalle gaba ya dira a kanta ya tsaya cik. In mai lafiyar ta kai santimita 150, mai ciwon ba za ta kāsa 135 ba. Haka za a gwada tsalle uku a jere, da tsalle uku yana ƙetare layi hagu da dama, da ɗangalen mita 6 a na duba agogo. A kuma lura da yadda ya ke dira, in gwiwar na faɗawa ciki, bai isa ba ko da ya kai awon. A tuna kuma mai lafiyar ma ta rage ƙarfi saboda zama, don haka 90 ɗin nan mafi ƙanƙanta ne. A binciken da na ambata, cikin waɗanda suka koma wasa ba su ci gwaji ba, 38 cikin 100 sun sake jin rauni, waɗanda suka ci kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba. A shekarar nan dai ta 2016, a asibitin 'yan wasa na ƙasar Ƙatar, an bi 'yan wasa 158, aka ga wanda ya koma bai cika sharuɗɗa ba ya ninka sauran sau 4 wajen haɗarin tsinkewar dashe.

Game da zuciya kuwa, Bahaushe ya riga masana, da ya kira jaruntaka ƙarfin gwiwa. Wanda ya taɓa jin ƙarar nan ya kan shiga fili da tsoro, yana tattalin ƙafa ɗaya yana ɗora wa ɗayar nauyi, ta haka sai ya jawo wa mai lafiyar ciwo. A Ostareliya cikin 2008 an shirya tambayoyi 12 don auna wannan, a kan tsoro da amincewa da gwiwa. Malami ba sai ya riƙe takarda ba, ya keɓe yaron ya tambaye shi tsakani da Allah ko ya yarda da ƙafarsa. Kada a yi masa gorin ragwanci a gaban abokai, gama kunya ta kan sa yaro ya ce ya warke alhali ya san bai warke ba.

Wani zai ce, ai dama ba ta jira, in yaro ya zauna shekara guda wani zai gaje gurbinsa. Gaskiya ne, kuma ban ce hasarar ƙarama ce ba. Lissafin da aka tattara cikin 2014 ya nuna cikin 100 da aka yi wa aikin nan, 65 ne ke komawa matsayinsu na dā, 55 ne ke komawa gasa. Amma a ɗora wannan a sikeli da ɗaya gefen: cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan 1 cikin 4 na sake tsinke jijiya, ko a wannan gwiwa ko a ɗayar. Kowace kuɓucewa kuma tana iya yaga guringuntsi, wanda ke kai mutum ga ciwon gaɓa tun bai tsufa ba. Mu nan Kaduna mun san abin da gwiwa ke iya yi. Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees, ya ci kofi da Everton a 1995, ya ci zinariya da Nijeriya a Atlanta a 1996. Ya ji rauni gab da gasar duniya ta 1998, ciwon gwiwa ya bi shi, har wasansa ya ƙare tun bai cika shekara 30 ba. Victor Boniface kuwa sau 2 jijiyar nan na tsinke masa yana Norway, ya jure jinya duka biyun, a 2024 ya ɗauki kofin ƙasar Jamus tare da Leverkusen. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura rigakafi, wanda ba ya cin ko kwabo. Akwai wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da hukumar ƙwallo ta duniya ta yaɗa, mai suna FIFA 11+, na gudu da tsayuwa da ƙafa ɗaya da koyon dira. An gwada shi a Ikko ga ƙungiyoyin samari 20, aka bayyana a 2014 cewa raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Abin da ya yi amfani a Ikko ba abin da zai hana shi yi a ƙasar Igabi. A haɗa da cike ramukan fili da tsince duwatsu kafin wasa.

Saboda haka ina roƙon malamai da shugabannin ƙungiyoyin unguwa su kafa doka guda: yaron da gwiwarsa ta yi ƙara ta kumbura, ba zai sake sa riga ba sai likita ya gani, kuma sai ya ci gwaji. Kada a bar kowa ya sha ƙwayar kashe zafi don ya shiga fili, gama zafin nan shi ne ɗan aiken da jiki ya turo. 'Yan dambe da 'yan kokawa da masu langa, maganar nan har da ku. Iyaye kuma su tuna kofin unguwa na shekara guda ne, ƙafar nan kuwa da ita yaron zai yi noma, ya hau keke, ya nemi abincin iyalinsa har tsufa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye sauran. Sai mako mai zuwa in muna da rai. Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Rigachikun.