Shahara Daban, Gwagwarmaya Daban

A shekarar 2012 marubuciyar nan ta Nijeriya, Chimamanda Ngozi Adichie, ta yi lacca a Landan kan daidaita haƙƙin mata da na maza. A 2013 mawaƙiyar Amurka, Beyoncé, ta saka muryarta cikin waƙa, daga baya kamfanin Dior ya buga taken laccar a jikin riguna masu tsadar gaske. Magana ta zaga duniya, wannan kuwa abin yabo ne.

Amma duk da wannan amo, a 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori 5 da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru.

A tuna yadda magabata suka yi. Funmilayo Ransome-Kuti ta tara matan kasuwar Abeokuta kan zaluncin haraji, suka dage har Sarki Alake ya sauka a 1949. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta sha duka da ɗauri sau da dama kafin matan Arewa su sami ikon jefa ƙuri'a a 1976. Dukansu da ƙungiya suka dogara.

Saboda haka mai sayar da tuwo a Sabon Ibadan ko Agege ba riga take bukata ba. Bukatarta jari, da asibitin haihuwa, da makarantar 'yarta. Tauraruwar da ke son a kira ta mai kishin mata, sai ta sauko ta haɗa kai da irin waɗannan, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.