Ina Kuɗin Hanya da Kwalbati?

Jama'ar Sakaba, ku saurara! Ruwan Agusta na sauka sai hanya ta yanke, motar hatsi ta kafe a laka kafin Dirin Daji, shara ta toshe lambatu, sauro ya samu gida. Aikin wa ne? Tsarin mulkin 1999 ya ɗora gyaran hanyoyi, magudanan ruwa da kwashe shara a wuyan ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a ba ta kuɗinta kai tsaye, kada gwamna ya riƙe. To, ina sauran uzuri? Da rani ake gina kwalbati, ba sai rafi ya kawo ba. Duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: yaushe gireda za ta iso? Ku zaɓi jam'iyyarmu, mu zuba tsakuwa kafin shuka.