Fijo 504 mai dogon baya

Ƙannena, wanda ya taɓa bin hanyar Ƙauran Namoda zuwa Zurmi da Gurbin Bore ya san Golf ce ke cin kasuwar tasha yanzu. Ku tambayi iyayenku wace ce sarauniyar hanyar a da, za su ce Fijo 504 mai dogon baya.

A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Daga 1975 kamfanin PAN ya shiga haɗa motocin Peugeot a Kaduna, har 504 ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati. Mai dogon bayan tana da layin kujeru uku, tayun baya ne ke tura ta, ga ƙasanta a ɗage, shi ya sa rairayi da ramuka ba su cika tsayar da ita ba. Buhunan gero, amarya da kayan ɗakinta, duk ta ɗauka.

Waɗanda suka rage yawanci suna jibge bakin gareji, kaji na kwana a ciki. Injin ba shi ke kashe su ba, tsatsa ce ke cinye ƙasan jikinsu.

Ni dai ina ganin asara ce a sayar wa 'yan gwangwan. Babu kwamfuta a cikinta. Kafireta, fulogi, lagireto, komai a fili. Darasin fiziks da ke ba ku wuya a allo, ga shi nan a ƙarfe. In hutu ya zo, ku nemi izinin bakanike ya buɗe muku bonet.